Nonon da Bai Zo Ba

Ku 'yan nan da kuke zuwa zaurena kuna cewa, "Inna, ki koya mana ungozomanci, ai yankan cibi ne da wankan jariri, wata guda mun iya," ga amsarku na sa a takarda. In ina magana na lura akwatin aikina kuke kallo, ba bakina ba. Rubutun nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda muka yi da girmanmu a gindin darbejiya bayan la'asar, don haka ku bi shi a hankali.

Haihuwar farko da na je, kwandon Goggo Dije na ɗauka. Goggo Dije uwar mijina ce, ita ce ungozomar ƙauyenmu, can bayan duwatsun Dutse, tun kafin a kawo ni gidan. A kwandon akwai reza, da zaren saƙa, da tsingaron gasa cibi, da ƙullin kanwa, da 'yar ƙwarya. Mun tarar da jaririn a kan tabarma yana tsala kuka, uwar tana durƙushe ta ba ƙofa baya. A wurinmu ba a kiran ungozoma sai ɗa ya faɗo. Mace ita kaɗai take naƙudarta, ta cije haƙori, don kada a ce raguwa ce. Goggo ta ja cibiyar ta auna ta zuwa gwiwar yaron, ta ƙulle, ta yanke, ta miƙo mini mabiyiya a kasko ta ce in wanke in binne a bayan ɗaki. Na binne ta a kife. Da Goggo ta zo dubawa sai ta tone da hannunta ta juya ta, ta ce, "Ke, so kike ki rufe wa 'yar mutane haihuwa?" Ban sake ba.

Shekara tara ina bin bayanta kafin ta bar ni in taɓa reza. Kafin nan aikina ruwa ne da itace. Kwana arba'in, safe da yamma, a tafasa tukunyar wanka da ganyen runhu ko na darbejiya, a fyaɗa wa mai jego har sai jikinta ya yi tururi, a gasa cibin jariri, a dama kunun kanwa. Ku dubi bayan hannuna in kun zo, duk tabon ruwan zafi ne. Ladan kuwa ƙafar ragon suna ce, da sabulu, da kwanon gero, wani gidan ma addu'a kaɗai. Kuma ba kya zaɓen gida. Akwai wanda za a yi miki shimfiɗa, akwai wanda uwar miji za ta tsaya a kanki tana cewa a zamaninta ba haka ake riƙe reza ba.

Abu biyu Goggo ta fi nanata mini. Na farko, ba a ba jariri daƙashi, wato ruwan nonon farko mai kauri. Sai an tatse shi an zubar, an wanke nono, kwana uku jaririn yana shan ruwan ɗumi da madarar akuya. Na biyu, jinin biƙi datti ne, a bar shi ya fita. "Wadda jini ya kwanta wa a ciki ita ce ke kumbura," in ji ta. "In kin ga yana zuba, ki gode wa Allah." Ba mugunta ba ce. Abin da aka koya mata ke nan, kuma rabin ƙauyen nan ta hannunta suka zo duniya.

Bayan an ba mu jiha, Dutse ta zama babban birni, sai aka tara mu ungozomomi daga ƙauyuka aka yi mana horo na sati biyu. A nan aka ba ni wannan akwatin ƙarfen da kuke kallo: almakashi, sababbin reza a takardarsu, zare dafaffe, safar hannu, ledar shimfiɗa, sabulu da burushin farce. Wata Sista Asabe ce ta koyar da mu. Rana ɗaya ta shimfiɗa atamfa a ƙasa, ta kaɗa jan galura a bokiti, ta dinga zubawa har zanen ya jiƙe sharkaf, ta kawo na biyu ta jiƙa shi. Ta ce, "Iyayena, ku duba da kyau. In mace ta jiƙa zane biyu haka, ku daina komai ku nemi mota. Kuma da ɗa ya faɗo ku sa shi a nono, tsotson nan yana sa mahaifa ta damƙe."

Wata tsohuwa daga wajen Taura ta ce, "Sista, ke kuwa kin taɓa haihuwa?"

"Uku, Iya."

"To wa ya yanke miki cibi da ya bar ki kika sha daƙashi? Shi ya sa kike da surutu."

Muka yi ta dariya, har da Sistar. Amma ni na rubuta maganar zane biyu a littafina, don lokacin na fara iya haɗa baƙi, kome na ji sai in rubuta.

Kuma na yi aiki da ita. Wata Bafulatana a rugar da ke gabas da mu ta haifi tagwaye da damina, na je na tarar ta jiƙa zane biyu tana neman na uku. Mijin ya ce shanu ba su dawo ba, a jira. Na fito na tsaya a gabansa da zanen a hannuna, na ce, "Baffa, in ka jira shanu, su za ka ba tagwayen nan su raina." Ya ɗaura wa bijimin da ya rage a ruga amalanke. Matar tana nan da ranta har yau, duk kaka sai ta aiko mini da man shanu. Na faɗi wannan ne don ku san cewa abin da ya faru daga baya ba rashin sani ba ne.

Shekarar da ta ɓaci ita ce ta tsakiyar wahalar man fetur, lokacin da motoci ke kwana a layi. Wadda ta haihu 'yata ce ta fari. Ba zan rubuta sunanta ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane. Goggo ce ta yaye ta ta riƙe ta, kowa yana ce mata Ta-Goggo, ni ma haka nake cewa in ya zama dole. Mijinta Malam Sale tela ne a Limawa, cikin Dutse. Da cikin ya tsufa aka kawo ta gida, kamar yadda ake yi a haihuwar fari.

Ta haihu da hantsi, lokacin yankan gero, maza duk suna gona. 'Ya mace ta samu. Goggo ce ta shiga, ko da yake a lokacin idonta ya yi hazo, sai ta lalubi cibiya take yankewa. Ni ina bakin murhu a tsakar gida ina tura kara a wuta, akwatina yana ƙarƙashin gado. Matan unguwa sun cika gidan. Can sai Goggo ta ɗaga murya, "A miƙo zane!" Aka miƙa. Tukunya ba ta tafasa ba ta sake cewa, "A ƙaro wani!" Na miƙe tsaye.

Lami maƙwabciyata, ƙawata ce tun muna amare, ta riƙo bakin zanena. "Ina zuwa, uwar 'ya? Oh ni Lami! An je Dutse an sha shayin gwamnati an baro kunya a can. Ɗakin 'yar fari za ki faɗa? Zauna, wadda ta koya miki aikin tana ciki."

Mata suka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariya na zauna. Aka kira zane na uku, na ƙara kara a wuta. Daga ciki ina jin Goggo tana cewa, "Madalla, dattin yana fita." Rana ta take tsaka. Sai da aka miƙa na huɗu sannan Goggo ta leƙo ta ce, "Ke, zo ki duba mini, idona ba ya nuna mini sosai. Yarinyar nan wai barci take ji."

Daɓen ɗakin ya sha har ya ƙi sha. Tafin hannunta sanyi ƙalau, leɓenta fari, cikin ya saki kamar salkar da ba a cika ba. Na durƙusa na murza mahaifar da ƙarfina, na ɗauki jaririyar na manna ta a nono, Goggo tana cewa daƙashi ne, ban saurare ta ba. Jinin ya ragu, bai tsaya ba. Aka kira maza daga gona, aka ɗaura amalanke zuwa bakin titi. A titi babu mota. Mai a-kori-kura ɗaya da muka samu tankinsa a bushe yake, sai da aka je wurin 'yan bumburutu aka ɗauko jarka. Mun shiga asibiti bayan la'asar. Malam Sale da ƙanena suka ba da jini. Kwana shida aka sallame mu. Ta rayu. Kowa ya ce an auna arziki, ni ma haka na ɗauka.

Nono ne bai zo ba. Ranar suna babu, kwana goma babu. Wannan aikina ne, na san hanyoyinsa, kuma duk na bi su: kunun kanwa, kunun gyaɗa, gasasshen nama da yaji, gashi da ruwan zafi, jiƙe-jiƙen da Goggo ta sani da waɗanda aka kawo daga Garki. Nonon ma sai ya koma ya kwanta kamar na tsohuwa. Ƙanwar Malam Sale tana goyo, ita ta shayar da jaririyar, da haka ta tashi. Muka ce jego ne ya zo da gardama. Aka gama arba'in aka mayar da ita ɗakinta a Limawa.

Sai al'ada ta ƙi dawowa. Shekara guda, shekara biyu. Goggo ta shafa cikin ta ce kwantaccen ciki ne, ɗa ne ya kwanta yana barci, in an yi haƙuri zai tashi. Ni ma na taɓa, ban ji komai ba, amma ban musa ba. Aka yi ta shan rubutu da maganin tayar da kwantacce. Goggo ta rasu tana jiran wannan ɗan.

Sauran abubuwan a hankali suka zo, shi ya sa ba wanda ya haɗa su wuri ɗaya. Yarinyar da take surfa kwano biyar kafin hantsi ta koma in ta share ɗaki sai ta kwanta. Da bazara, ana neman inuwa, ita tana lulluɓe da bargo a rana. Fatarta ta bushe ta yi fari-fari, gashin gira ya zube, wata rana ta gaya wa Lami cewa ta daina aske hamata don babu abin askewa. In an yi mata magana sai ta daɗe kafin ta amsa, muryar ƙasa-ƙasa. Dangin miji suka ce son jiki ne. Wasu suka ce mayu, wasu suka ce iska, aka yi hayaƙi aka yi ruƙiyya. Mai kemis ya ce ƙarancin jini ne ya ba da maganin ƙarin jini kwalba-kwalba. Malam Sale, Allah ya saka masa, bai taɓa cewa ta tafi gida ba. Shekara shida ana haka. Ni kuwa sai da salla ko suna nake leƙa gidan, don uwa ba ta zarya a gidan surukai, balle na 'yar fari.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, telolin Limawa kekensu bai huta ba saboda ɗinkin hijabi, Malam Sale ya ɗan samu sarari. A azumin wannan shekarar ta faɗi a bakin rijiya da azahar, ba ta san inda kanta yake ba. A asibiti aka ɗaura mata ruwa mai sukari ta farfaɗo, aka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Kano. Malam Sale ya so a samu likita mace, ba a samu ba, malamin unguwarsu ya ce larura ce, a je.

Likitan dattijo ne, mai magana a hankali. Bai fara da awo ba. Ya dube ta, ya dubi girarta, ya ce, "Yaushe rabonki da haihuwa?" Ta faɗa. "Kin shayar?" Ta girgiza kai. Sai ya juyo gare ni. "Hajiya, ranar haihuwar ta zubar da jini?"

"Ta zubar."

"Wa ya karɓi haihuwar?"

Malam Sale ya ce, "Ai Inna ita ce ungozomar garin, likita. Har horo ta yi."

"To madalla, kin san aikin. Kamar nawa ta zubar kafin ku tashi?"

Na ce, "Zane huɗu."

Ya ajiye biro. "Ba a gaya muku biyu ba?"

"An gaya mana."

"To me ya tsayar da ke?"

Na ce, "'Yar fari ce."

Bahaushe ne, bai sake tambaya ba. Ya sa aka ɗebi jininta, muka koma bayan sati, sannan ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Zan rubuta shi yadda na fahimta, don shi ne abin da nake so ku riƙe.

Ya zana kan mutum a takarda, ya ɗiga ɗigo a tsakiya, can ciki bayan idanu, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ya ce a nan akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar gurjiya ba, tana rataye da ɗan silili a jikin ƙwaƙwalwa. Wurin da take rataye ɗin, aikinsa ɗanɗana jini, ba ya hutawa. Yana auna ɗumin jiki da ƙishirwa da yawan sinadaran da ke yawo a jini. In ya ji wani ya yi ƙasa sai ya saukar wa 'yar tsokar da saƙo ta sililin nan, ita kuma ta zuba nata saƙon a jini. Wani saƙon ya tafi maƙogwaro, inda ake hura wutar jiki. Wani ya tafi ga wasu 'yan tsoka a saman ƙoda, masu riƙe wa mutum ƙarfi da bugun jini ranar ciwo ko yunwa. Wani ya tafi ga ƙwan mace ya kawo al'ada. Wani ya tafi nono ya ce a kawo ruwa. In waɗannan suka yi aikinsu, na saman ya ɗanɗana ya ji ya isa, sai ya ce a sassauta. Har damƙewar mahaifa in jariri ya tsotsi nono, ya ce, daga nan saƙon yake fitowa. Na tuna Sista Asabe da dariyar da muka yi mata. Ya faɗi sunayensu da Turanci na rubuta yadda na ji, na saman haifotalamas, 'yar tsokar fituwitari. Ban taɓa buƙatar sunayen ba tun daga ranar.

Na ce, "Likita, wato kamar gidan biki. Uwar biki tana ɗaki ana kawo mata miya tana ɗanɗanawa, ga jakadiyarta a bakin ƙofa tana kai wa masu tuwo da masu ruwa da masu wuta umarni."

Ya ce, "Haka ne, Hajiya. To jakadiyar ce ta faɗi. In mace tana da ciki 'yar tsokar nan kumbura take yi, tana shirin nono, tana neman jini fiye da kullum. Ranar da jini ya zube da yawa, aka daɗe ba a mayar ba, sai ta bushe. Nonon 'yarki lafiyarsa ƙalau, mahaifarta ƙalau, maƙogwaronta ƙalau. Tukwane suna nan, itace yana nan, ba wanda ya zo ya ce a ɗora."

Malam Sale ya ce, "Za ta farfaɗo, ita tsokar?"

"Ba ta farfaɗowa. Amma za mu ba ta saƙon a ƙwaya."

Ƙwayoyi iri biyu ya rubuta, ƙanana farare, kullum da safe har ƙarshen rai. Ya ɗaga ɗaya ya ce wannan ita ce ta saman ƙoda, ita ce ran. In zazzaɓi ya kama ta a ninka. In tana amai ƙwayar ba ta zama, a kawo ta a yi mata allura a ranar. "A ranar, Hajiya, ba gobe ba. Jikinki da nawa in ciwo ya zo suna ƙara wa kansu ƙarfi. Nata ba mai gaya masa." Na rubuta wannan ma, a shafin da ke bin na zane biyu.

Abin da ƙwayoyin nan suka yi, in ban gani da idona ba ba zan yarda ba. Kafin wata biyu ta ajiye bargo. Ranar wani suna a Limawa na shiga na tarar da ita a kan turmi, tana daka tana tsokanar ƙanwar mijinta, "Ke da kika shayar mini da 'ya, ai sai ki biya ni kuɗin kunun da na sha a banza." Ta hango ni ta sunkuyar da kai, ta ce, "Sannu da zuwa, Inna." Na ce, "Yauwa," na wuce wurin tsofaffi. Masu cewa son jiki ne suka daina faɗa. Wata tara ta yi a haka.

Da damina ta yi tsakiya, ranar wata Talata, Lami ta dawo daga kasuwar Dutse ta tsaya a ƙofata. Ta ce, "Na biya ta Limawa. Mutuniyar taki tana ɗan zazzaɓi, har da amai. Malam Sale ya tafi Kano sarin yadi, amma uwarsa tana kanta, ta yi mata sirace. Ta ce a dakata da ƙwayoyin nan sai cikin ya kwanta, kada a yi asararsu." Haka kowa yake yi, mai amai ba a ba shi magani sai ya lafa. Ni ma haka na yi wa mutane shekara da shekaru.

Littafin yana cikin akwati, na san abin da ke shafin. Na ɗauko mayafi. Sai na tsaya ina tunanin yadda zan faɗa gidan surukai ba a aiko ba, ba suna ba biki, a kan zazzaɓin damina da kowane gida yake da shi, uwar mijin tana tsaye a kanta, in ce mata ba ta iya jinya ba. Na ce Alhamis akwai gaisuwar rasuwa a unguwarsu, sai in fake da ita in leƙa. Na ninke mayafin na mayar. Laraba na yi wankan jego biyu, na yanke cibi ɗaya.

Alhamis da hantsi na shiga. Tana kwance, an lulluɓe ta, uwar mijin ta ce, "Ta samu barci tun jiya, aman ya tsaya, Alhamdu lillahi." Na taɓa tafin hannunta. Irin sanyin ɗakin Goggo ne. Wannan karon akwai mota, akwai mai, asibitin ma ba nisa. A bayan motar na ɗora kanta a cinyata na kira ta da sunanta na yanka, sau uku. Direban ya waiwayo don bai san da wa nake ba. Ana neman jijiyar da za a sa allura ta cika, kafin azahar. Kwalbar ƙwayoyin tana kan taga a ɗakinta, da sauran fiye da rabi.

To, wannan shi ne aikin da kuke cewa wata guda kun iya. Reza kowa yana iya riƙewa. Abin da ban iya ba shi ne tashi tsaye ana dariya. In za ku ɗauki akwatin nan, ku bar kunya a zaure tare da takalmanku, ko 'yar wa ce a ɗakin. Ku ƙirga zane da idonku, kada ku ƙirga da kunne. Ku sa ɗa a nono tun yana da jini a ka. Kuma kada ku ce an auna arziki don mace ta dawo daga asibiti da ƙafarta. Ni yanzu duk wadda ta zubar da jini, ranar uku ina ƙofarta, ranar biyar ina ƙofarta, tambaya ɗaya nake yi: nono ya zo?

Da kakar bara aka kira ni wani gida a ƙauyen da ke kudu da mu. Yarinya ce, haihuwar biyu. Na tarar an jiƙa zane uku an tura ƙarƙashin gado. Na fito da su tsakar gida na shimfiɗa a gaban maza. Kakar mijin ta ce, "Ungozoma, meye na tonon asiri? Datti ne yake fita." Muryarta sak ta Goggo. Na yi ta magana har suka gaji suka nemo mota, aka ƙara mata jini, ta dawo. Ranar bakwai na je na tambaya. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ranar goma sha biyu na koma, ta sake sunkuyar da kai, jaririn yana hannun wata ana ɗura masa madara da cokali.

Na yago takarda daga littafina na zauna na rubuta da manyan baƙaƙe: ta zubar da jini da yawa, nono bai zo ba, a duba 'yar tsokar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Na ba mijin a hannunsa, na yi masa bayanin uwar biki da jakadiya, na gaya masa abin da zai gani nan da shekara biyu in bai je ba, bargo da bazara da zubewar gira. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "In Allah ya yarda, Inna, da an gama kai amfanin gona gida."

Bayan arba'in na biya in duba cibin yaron. Kakar tana bakin murhu tana dama kunu, ta yi mini maraba, ta ce wannan karon sun samo kanwa mai kyau, ungurnu, nono zai zo ko ya ƙi. Ta kwance ƙullin ta miƙo mini in gani. Na gane rubutuna tun kafin ta gama warware takardar.